Wutar Gida Na Nan, Ta Shago Ta Ɗauke: Yadda Ake Gano Inda Wayar Ƙarƙashin Ƙasa Ta Lalace Da Yadda Ake Gyara Ta

Yau za mu ɗan ajiye maganar manhajoji mu koma kan abin da ke ba wayoyin namu rai, wato wutar lantarki, musamman wayar da ake binnewa a ƙasa daga cikin gida zuwa wani gini na daban.

Duk wanda ya san gidajenmu na Ikara da Makarfi da Hunkuyi ya san tsarin. Mita ɗaya ce a gida, daga ita ake jan wuta zuwa shagon caji ko na POS da ke ƙofar gida, ko ɗakin samari, ko kejin kaji, ko famfon burtsatse. Da yawa ba sa son waya tana reto a sama saboda iskar farkon damina da motocin rake masu tsayin kaya, sai a haƙa ƙasa a binne. Shekara ɗaya, biyu, lafiya lau. Sai watan Agusta ya kama, ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi, a wayi gari cikin gida da wuta amma shago duhu, ga wayoyin mutane ashirin a kan tebur suna jiran caji.

Kafin mu shiga, iyakar darasin ita ce wayar da ke bayan mita, wadda take mallakin mai gida. Abin da ke tsakanin turken wuta da mita aikin Kaduna Electric ne, ba a taɓa shi, rahoto ake kai musu. Haka nan layin injin niƙa mai layi uku ba ya cikin wannan bayanin.

Ɗauke wuta ba kashe wuta ba ne

Wannan shi ne wurin da na fi son a tsaya a kai, domin nan ne ake rasa rai. A wajenmu an saba a ce “ai babu wuta, yi sauri ka gyara kafin su kawo.” To NEPA ba ta sallama. Wutar da ke shigowa gidajenmu bolt 230 ce, kuma abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na am ɗaya ba, idan ya ratsa ƙirjin mutum, yana iya tsayar da zuciya. Mutumin da ke durƙushe a cikin jiƙaƙƙen rami, ƙafa ba takalmi, ya cika dukkan sharuɗɗan da wuta take so.

Kuma yanzu ba NEPA kaɗai ake tsoro ba. Akwai janareta, akwai inbata ta sola wadda ba ta ƙara ba ta hayaƙi. Idan shagon yana da ƙaramin janareta ko inbata, wuta na iya biyo wayar ta baya, daga shago zuwa gida. Saboda haka ta ɓangare biyu ake raba wayar da wuta:

Kashe babban makunnin gida, kashe janareta da inbata, ka mayar da canjoba tsakiya. Sannan a kwance bakin wayar gaba ɗaya daga akwatin bireka na gida, a kuma kwance ɗaya bakin daga cikin shago. Kashe ƙaramar bireka kawai ba ya wadatarwa, domin layif kaɗai take yankewa, kuma a gidaje da yawa mai haɗa wutar ya juya layif da nutral ba tare da kowa ya sani ba. Kada ka dogara da launi. A ƙa'ida ja shi ne layif, baƙi nutral, kore kuma wayar at, a sabon tsari kuma ruwan ƙasa ne layif, shuɗi nutral, kore da rawaya at. Amma ƙa'ida daban, abin da aka haɗa a gidanku daban.

Bayan haka gwada maltimitarka a wurin da ka tabbatar akwai wuta domin ka san tana aiki, sannan ka auna wayar ka ga sifili. Ka faɗa wa mutanen gida, musamman ƙannen nan masu son tayar da janareta da zarar an ɗauke wuta. Ni shawarata ka kulle akwatin, makullin yana aljihunka.

Alamomin suna faɗin irin ciwon

Idan shago ya mutu ɗungurungum amma bireka ba ta faɗi ba, galibi waya ce ta tsinke. Idan da ka ɗaga bireka sai ta faɗo nan take, layif ne ya haɗu da nutral ko da at. Waɗannan biyun masu sauƙi ne.

Na ukun shi ne mugu. Robar da ke jikin wayar ta fashe, ruwa ya shiga, wuta tana tsiyaya cikin ƙasa a hankali. Shago na da wuta, amma ƙwan fitila yana lumshewa, caja tana kamawa tana saki, ƙofar ƙarfe tana ɗan jan hannu idan an yi ruwa. Masu mitar kati sukan fara gani a yunit. Lissafin mai sauƙi ne: am ɗaya da ke zuba a ƙasa wat 230 ne, idan an samu wuta ta awa goma yunit 2.3 ke nan sun tafi a banza kowace rana. Bireka mai am 20 kuwa ba za ta ko motsa ba, ita dai a wajenta kaya ne aka jona. Wani lokacin za ka ga wuri ɗaya a tsakar gida yana riga ko'ina bushewa bayan ruwan sama, ko ka ga akuyar da aka ɗaure tana ƙin taka wani wuri. Dabbobi sun fi mu jin irin wannan wutar saboda tazarar da ke tsakanin ƙafafunsu na gaba da na baya. Idan ka ga haka kashe layin nan take, kada a jira sai ranar da aka samu kuɗin gyara.

Gwaji da maltimita

Kafin a zargi ƙasa, duba bakunan wayar biyu. Sau da yawa matsalar noti ne ya saki a cikin soket, ko wurin da waya ta fito daga ƙasa ta hau bango rana ta cinye robar. Idan nan lafiya, sai a shiga gwaji. Duk gwajin nan ana yin sa ne wayar tana kwance daga ɓangarorin biyu.

Gwaji na farko, na tsinkewa. Je shago ka murɗe layif da nutral wuri ɗaya, ka dawo gida ka sa maltimita a kan om ka auna tsakaninsu. Lafiyayyar wayar tagulla mai kauri 2.5 tana da kusan om 0.74 a kowace mita 100. Idan nisan shagon mita 45 ne, zuwa da dawowa mita 90 ke nan, ya kamata ka ga wajen om 0.7, ban da ɗan abin da igiyoyin maltimitar suke ƙarawa. Idan allon ya nuna OL, ɗaya daga cikin biyun ta tsinke. Don sanin wacce, maimaita da layif da at, sannan nutral da at. Biyun da suka ba ka lamba su ne lafiyayyu, ta ukun ita ce mai laifi.

Gwaji na biyu, na haɗuwa. Warware abin da ka murɗe, ka raba silin wayoyin kada su taɓa juna, ka sake aunawa bibbiyu. Yanzu OL ake so. Duk wata ƙaramar lamba tana nufin sun haɗu a cikin ƙasa.

Sai dai maltimita tana da iyaka. Da ɗan ƙaramin batir take gwaji, don haka tsagewar da ruwa ya shiga tana iya wuce ta, ta ce maka lafiya, a mayar da wuta matsala ta dawo. Na'urar da ke kama wannan ita ce wadda masu gyara suke kira mega, daga sunan kamfanin Megger. Tana tura bolt 500 cikin wayar ta auna ƙarfin robar. Abin da ya gaza megaom 1 ya faɗi jarrabawa, sabuwar waya mai kyau kuwa ɗaruruwa take nunawa. Ba na'urar da za ka saya don aikin rana ɗaya ba ce. Amma mai gyaran da ya zo aikin wayar ƙasa babu ita, to da ka yake aiki.

A ina za a haƙa?

Fara da tambaya, ba da diga ba. Me aka yi a gidan nan kwanan nan? An haƙa kwata ko sokawe? An kafa turken rumfa ko na ɗaure rago? An dasa bishiya? An yi huɗa a ɗan filin da ake shuka masara da kuɓewa? Fartanya ba sai ta raba waya biyu ba, ta ɗan ƙwarzane robar ma ya isa, sai bayan wata biyu ruwa ya ƙarasa aikin. Bayan wannan sai wuraren da aka taɓa yin haɗi, da kwanar da waya ta karya, da ramin gafiya ko shurin gara da ke kan hanyarta.

Idan tambaya ba ta fitar da komai ba, kuma wayar tsinkewa ta yi, akwai dabarar da nake jin daɗinta saboda lissafi ce zalla. Wayoyi biyu da ke kwance kusa da juna suna riƙe ɗan caji kamar kafasita, kuma yawan abin da suke riƙewa yana tafiya da tsawonsu. Idan maltimitarka tana da wurin auna kafasita, mai alamar nF, auna tsakanin wayar da ta tsinke da wata lafiyayya daga ɓangaren gida, ka rubuta. Je shago ka yi haka. Misali gida ya ba ka 1.8, shago ya ba ka 2.7, tsawon wayar kuma mita 45 ne. Haɗa lambobin biyu, 4.5. Raba 1.8 da 4.5, ka samu 0.4. Ninka da 45, ka samu 18. Wato tsinkewar tana wajen mita 18 daga gida. Danna REL kafin ka fara domin a cire lissafin igiyoyin na'urar. Dabarar tana aiki ne idan tsinkewar ta rabu sosai kuma wurin bai jiƙe sharkaf ba. Idan lambobin suna ta tsalle, ruwa ya shiga, kada ka yarda da su.

Idan haɗuwa wayoyin suka yi, a takarda ana iya yin irin wannan lissafin da om. A aikace kuwa maltimitar kasuwa ba ta ganin abin da ya gaza om 0.1, wanda a waya mai 2.5 kusan mita bakwai ne. Kuskuren mita bakwai a tsakar gida ai rabin gidan ke nan. Zai dai iya gaya maka ko matsalar ta fi kusa da gida ko da shago.

Masu rubuta manhaja za su tuna dabarar neman abu ta raba biyu: ka yanke a tsakiya, ka gwada kowane rabi, ka bar lafiyayyen, ka sake raba mai matsalar. A kwamfuta kyauta ne, waya mai mita 64 sau shida kacal za ka raba ka iso mita ɗaya. A ƙasa kuwa kowane yanka sabon haɗi ne da za ka saya wa kaya, kuma sabon wurin da ruwa zai nema. Sau ɗaya a tsakiya, idan wayar doguwa ce, ana iya yi. Fiye da haka gara a tone ramin duka.

Wani zai ce, to manhajojin nan na Play Store masu cewa suna gano ƙarfe ko waya a ƙasa fa? Suna amfani ne da ɗan firikwensin maganaɗisu da ke cikin wayarka, wanda aka sa domin nuna alƙibla. Tagulla ba ta jan maganaɗisu, kuma ƙusa ko guntun rodi da ke kusa zai ruɗa shi. Kada ka haƙa rami da shawararsu, balle ka ce sun tabbatar maka babu wuta.

Wajen tonon, a bi gefen wayar da shebur, a ƙarasa da hannu. Diga a kan layin waya sabuwar ɓarna ce.

Gyara ko sauyawa

Da an tono, dubi irin wayar kafin komai. Idan wayar cikin ɗaki ce mai sili ɗaya, ko lallausar nan ta jona rediyo da fanka, aka binne ta haka nan ko a cikin tiyo na ban ruwa, to kada a ɓata kuɗi wajen gyara. Ba a yi robarta don zama cikin laima ba, yau ka gyara nan, gobe ta fashe can. Haka idan ka feɗe robar ka ga tagullar ta yi baƙi ko kore har nesa da wurin raunin, ruwa ya bi cikinta. Haka idan haɗin da ke jikinta ya wuce biyu. Kuma idan duka nisan bai wuce mita 15 zuwa 20 ba, sau da yawa sabuwar waya ta fi sauƙi a kan kayan haɗi biyu da kuɗin aiki.

Wadda ta cancanci gyara ita ce waya mai sulke, wadda 'yan kasuwa suke kira amod, mai zagayen silin ƙarfe a ƙarƙashin baƙar robar waje, idan rauninta wuri ɗaya ne.

Ga yadda aikin yake, domin ko ba kai za ka yi ba ka san abin da za ka sa wa ido. Ana buɗe ramin kamar mita ɗaya kowane gefe. A yanke wurin da ya lalace har sai an iso tagulla mai sheƙi da busasshiyar roba. Daga nan a gwada kowane rabi shi kaɗai da mega, tun kafin a haɗa, domin ba mamaki raunin biyu ne. Tunda an yanke wani yanki, bakunan ba za su kai juna ba, kuma ba a jan su da ƙarfi. Sabon guntu ake sakawa mai kauri iri ɗaya, a yi haɗi biyu.

Kowane sili ana haɗa shi da ɗan bututun tagulla da ake matsewa da filaya ta musamman, ba murɗawa da hannu ba. A jera haɗin a gaba da juna, kada su taru wuri ɗaya. Sulken ƙarfen ma dole a haɗa shi daga wannan gefe zuwa wancan, domin shi ne hanyar da wuta za ta bi ta faɗar da bireka ran da wani ya sake sara wayar. Masu gaggawa sun fi tsallake wannan matakin, tunda ko ba a yi ba fitila za ta kama. Sannan a rufe haɗin da kwanson roba mai ɓari biyu, a gauraya ruwan rezin da ke zuwa a leda mai gida biyu, a zuba har ya cika, a bar shi ya daskare iya lokacin da takardar kayan ta faɗa. A sake gwadawa da mega, sannan a mayar da ƙasa. Kayan haɗin nan ba kowane shagon kayan wuta ke ajiye su ba, a Sabon Garin Zariya ko Kano aka fi samunsu, kuma da kaurin wayar ake saye, don haka ɗauki hoton rubutun da ke jikinta ko ka tafi da guntunta.

Baƙin salatif fa? A cikin busasshen akwati a jikin bango yana da amfaninsa. A ƙarƙashin ƙasa gam ɗinsa yana saki, ruwa ya bi ta tsakanin naɗin. Ƙara masa ledar fiya wata ko narkakken kwalta ba ya canza komai, jinkirta matsalar kawai yake zuwa damina mai zuwa, kuma ya mayar da ita irin ta ukun nan mai tsiyaya a ɓoye. Idan rezin ya gagara, mafita ita ce a fito da bakunan biyu sama, a haɗa su cikin akwatin da ruwa ba ya shiga, a jikin bango ko ɗan ginshiƙi, inda ido zai riƙa gani.

Gwajin maltimita a kan wayar da aka kwance, matashi mai natsuwa zai iya. Haɗin da gwajin mega da mayar da waya cikin akwatin bireka aikin mai gyara ne wanda ya san aikin. Hukumar NEMSA ce ke ba masu haɗa wuta takardar shaidar ƙwarewa a Najeriya, kuma ba rashin kunya ba ne ka tambayi mutum ko yana da ita.

Idan sabuwa za a saka

Kauri ya danganta da kaya da nisa. Waya mai 2.5 tana zubar da kusan milibolt 18 a kowane am a kowace mita. Shago mai jan am 10 a nisan mita 40 zai rasa bolt 7.2, wannan ba laifi. Mai 1.5 a wannan nisan za ta zubar da wajen 11.6, mai 4 kuma 4.4. Tunda wutar tamu sau da yawa a raunane take isowa, idan akwai firiza ko famfon sumo, waɗanda ke fizgar wuta ninki da yawa lokacin tashi, ni 4 zan ce a saya.

A kula da jabu. Akwai wayar da alminiyom ce ko ƙarfe aka shafa wa ruwan tagulla. Kankare silin da wuƙa, idan fari ya fito a ciki ka ajiye ta. Idan maganaɗisu ya kama silin, ƙarfe ne. Kamfanonin gida irin su NOCACO da ke Kaduna, da Coleman da Cutix da Nigerchin, sun yi suna, shi ya sa ma ake buga sunayensu a jikin jabu, don haka gwajin ya fi sunan. Araha ba ta ado, balle a abin da za a binne.

Zurfin ramin kada ya gaza santimita 50 zuwa 60 a tsakar gida, inda ake noma ko mota ke bi kuma a ƙara sosai. A shimfiɗa yashi mai laushi a ƙasa, a kwantar da waya ba tare da an ɗame ta ba, a rufe da yashi, a jera bulo ko jan tubali a kai, sannan a sa ledar gargaɗi mai launi kafin a cike, yadda mai haƙa zai ci karo da ita tun bai kai ga waya ba. Inda ta fito daga ƙasa a sa ta cikin bututu har sama. A farkon layin kuma, cikin gida, a sa bireka tata ita kaɗai tare da RCD mai miliam 30, wadda wasu ke kira ELCB. Ita ce ke jin tsiyayar da bireka ba ta ji, ta yanke wuta cikin ƙiftawar ido. Tana da maɓallin gwaji a jikinta, a riƙa danna shi lokaci zuwa lokaci idan akwai wuta.

Kafin a rufe ramin, fito da wayarka. Ɗauki bidiyo daga akwatin bireka har shago, ka sa tef ɗin awo ka ɗauki hoton nisan ramin daga bango a wurare uku ko huɗu, da nisan kowane haɗi daga wani abu da ba ya motsi, kamar kusurwar ɗaki ko bakin rijiya. GPS na waya yana kuskuren mitoci da dama, ba zai yi wannan aikin ba. Ajiye hotunan a Google Drive da suna mai ma'ana da kwanan wata, ka tura kwafi a zauren WhatsApp na gidanku, yadda duk ranar da za a haƙa sabon sokawe ko a kafa rumfar biki, mai riƙe da digar zai ga inda wayar ta bi.